Gardamar gwanin tanis da shekarun da ba a ƙirga ba

Ranar Lahadi 8 ga watan Yunin 2025, ana cikin hidimar Babbar Sallah, muna zaune a fadarmu ta ƙofar gidan wani abokin aikina a nan Maraɗi. Ga shayi kan gawayi, ga suyar layya, ga tele an fito da ita bisa tebur. Carlos Alcaraz ɗan Sipaniya da Jannik Sinner ɗan Italiya ke buga wasan ƙarshe na Roland Garros a birnin Pari. Mun tashi sallar la'asar mun dawo suna yi. Mun tashi ta magariba mun dawo ba su gama ba. Sau uku Sinner ya zo gab da ɗaukar kofin, maki ɗaya ya rage ma shi, sau ukun Alcaraz ya kuɓuce, daga bisani shi ya ci bayan awa 5 da minti 29.

Ana kashe tele gardama ta tashi, irin wadda muka saba yi kan ƴan kokowa in an fara kiran sunan Kantu da Salma Ɗan Rani. Wannan ya ce Federer, wancan ya ce Nadal. Sai ɗan mai gidan, wani saurayi mai shirin jarrabawar bak, ya ɗauki tsinke ya rubuta a ƙasa: 24, 22, 20. Ya dube ni ya ce: "Mushe, ai ku kuka koya mana lissafi. Djokovic 24, Nadal 22, Federer 20. Ina sauran magana?"

A daren ban ba shi amsar kirki ba. Ni malamin firamare ne, shekara 20 da ɗoriya ke nan da fitowata daga Ekol Normal, kuma duk ƙarshen wata uku ni ma irin wannan jeri nake yi ma yaran ajina: na ɗaya, na biyu, har na ƙarshe. Amsar da ya kamata in ba yaron tana cikin tarihin wasan, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Ga wanda bai saba da tanis ba, lambobin nan adadin kofunan manyan gasa huɗu ne da ake yi kowace shekara, waɗanda masu sharhi da Faransanci ke kira Grand Chelem. Mafi tsufa ita ce Wimbledon ta Ingila, an soma ta a 1877 da maza 22. Ta Amurka ta biyo baya a 1881, ta Faransa a 1891, ta Ostareliya a 1905. Abin da saurayinmu bai sani ba shi ne, kusan shekara 90 ana yin waɗannan gasa ƙofarsu a rufe ga wasu mutane, kuma cikin waɗanda aka rufe ma ƙofar akwai gwanayen zamaninsu.

Kashin farko na waɗanda aka tsare su ne masu neman abinci da wasan. Tanis ya taso a hannun masu hali na Ingila, waɗanda ke ganin abin kunya ne mutum ya karɓi kuɗi don ya yi wasa. Sai aka raba ƴan wasa gida biyu. Akwai ƴan sha'awa, su ke da izinin shiga manyan gasa amma babu kyautar kuɗi a fili. Akwai ƴan sana'a, su ana biyansu amma an hana su shiga. Ɗan talaka da ya yi fice, zaɓi biyu gare shi: ya ci gaba da tara kofuna aljihu wayam, ko ya bi kuɗi a shafe sunansa daga gasar.

Pancho Gonzales, ɗan ƴan ci-rani daga Mekziko da aka haifa a Los Anjeles, ya ci gasar Amurka a 1948 da 1949, sannan ya koma ɗan sana'a yana da shekara 21. Ya shafe shekaru babu mai kada shi cikin ƴan sana'a, amma ko wasa ɗaya na lokacin bai shiga lissafin da ake rubutawa a ƙasa ba. Sai a 1968 aka buɗe ƙofa ga kowa, ya dawo yana ɗan shekara 40, kuma duk da haka ya kai wasan kusa da ƙarshe a Pari. A shekarar da ta biyo, a Wimbledon, ya yi kwana biyu yana fafatawa da Charlie Pasarell, wanda ya girma da shekara 15 da wani abu, ya kuma kada shi. In an bi lambar saurayinmu, Gonzales kofi 2 gare shi.

Labarin Rod Laver na Ostareliya ya fi fito da abin fili. A 1962 wannan bahagon ya cinye manyan gasa huɗun duka a shekara ɗaya, kuma a uku daga cikinsu ɗan ƙasarsu Roy Emerson ya kayar a wasan ƙarshe. Da shekarar ta ƙare ya koma ɗan sana'a. Daga 1963 zuwa farkon 1968 an yi manyan gasa 21 babu shi, shekarun da ƙarfinsa ke kan ganiya. A cikin wannan tsakanin ne Emerson ya kwashi kofi 10 daga cikin 12 da ya tara. Da aka buɗe ƙofa Laver ya dawo ya ci Wimbledon a 1968, sannan a 1969 ya sake cinye huɗun duka. Har yau babu namijin da ya maimaita haka. A takarda Emerson na da 12, Laver na da 11, amma da wuya ka sami masanin wasan da zai sa Emerson gaba.

Kashi na biyu su ne waɗanda launin fatarsu ya tsare. A Amurka ta wancan lokaci baƙar fata ba su shiga kulob ɗin Turawa, sai suka kafa ƙungiyarsu da gasarsu. Althea Gibson, wadda ta girma a unguwar Harlem ta Niyok, ta ci gasar baƙar fata sau 10 a jere, daga 1947 zuwa 1956. Ba a bar ta ta shiga babbar gasar ƙasarta ba sai a 1950, tana da shekara 23, shi ma sai da wata tsohuwar zakara Baturiya, Alice Marble, ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa tana kunyata shugabannin wasan. Gibson ta ci gasar Faransa a 1956, ta ci Wimbledon da ta Amurka a 1957, ta maimaita su a 1958. Sarauniyar Ingila da hannunta ta miƙa mata kyautar 1957. Bayan 1958 ta bar manyan gasa tana kan gaba a duniya, domin kofi ba ya biyan kuɗin haya. Ƙofar farko ta jinkirta shigarta, ta biyu ta gaggauta fitarta. Kofi 5 aka rubuta mata.

Arthur Ashe ya taso a Richmond ta jihar Bajiniya, inda dokar wariya ta hana shi buga wasa da yaran Turawa. A 1968 ya ci gasar US Open ta farko da aka buɗe ma kowa. Lokacin shi hafsan soja ne kuma ɗan sha'awa, don haka dala 14,000 ta zakara sai aka ba Tom Okker ɗan Holan, mutumin da ya kayar. Ashe ya ci ta Ostareliya a 1970, ya ci Wimbledon a 1975 bayan ya kada Jimmy Connors da kowa ke ganin ba ya kaduwa. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta sha hana shi biza, ya yi ta naci har ta bar shi ya shiga a 1973. Ya rasu a 1993 yana da shekara 49, sakamakon ciwon sida da ya ɗauka ta ƙarin jini bayan aikin zuciya. Babban filin da ake buga wasan ƙarshe na US Open yau sunansa yake ɗauke da shi.

Akwai wani aikin Ashe da ya shafi nahiyarmu kai tsaye. A 1971 ya zo rangadi Afirka, ya sauka Yawunde ta Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo. Hannun yaron ya burge shi, sai ya yi ma Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa maganarsa. Aka ɗauki yaron zuwa birnin Nis don horo. Shi ne Yannick Noah, wanda ya ci Roland Garros a 1983 bayan ya kada Mats Wilander, mahaifinsa ya diro daga wurin ƴan kallo ya rungume shi a tsakiyar fili. Tun daga ranar babu Bafaranshe namiji da ya sake cin wannan kofi. Kofin Noah ba ya cikin 3 ɗin da ake ƙirga ma Ashe. Duk malamin da ya taɓa gano yaro mai kai a bencin baya ya tura shi gaba ya san irin wannan rabo da ba a rubuta shi da sunanka.

Ko bayan 1968 lissafin bai zama ɗaya da na yau ba, domin ƴan wasan lokacin ba su ɗauki tara kofunan nan huɗu a matsayin ma'aunin girma ba. Ostareliya na da nisa, kuɗinta kaɗan ne, kuma shekaru da dama ana yin ta a daidai hutun ƙarshen shekara. Bjorn Borg na Suwidin sau ɗaya tak ya je ta, a 1974. Da gasa uku yake aiki, ya tara 11: shida a Pari, biyar a jere a Wimbledon daga 1976 zuwa 1980. Ya ci na ƙarshe yana da shekara 25, ba da jimawa ba ya ajiye raket. Connors ya ci gasa uku a 1974, ta huɗun, wato ta Faransa, hana shi shiga aka yi saboda ya sa hannu da wata ƙungiyar wasa ta Amurka. Chris Evert, wadda ba ta da tamka a filin jar ƙasa, ba ta je Pari ba shekara uku a jere, daga 1976 zuwa 1978. Filayen ma sun sauya. Har 1974 uku daga cikin huɗun a kan ciyawa ake buga su, yau Wimbledon kaɗai ta rage a ciyawa, Pari a jar ƙasa, sauran biyun a daɓe mai tauri. Su Borg da raket ɗin katako suka yi zamaninsu. Tseren tara kofuna ya zama babban labari ne lokacin da Pete Sampras ya wuce 12 ɗin Emerson a 2000, ya tsaya a 14 a 2002. Wato ana auna mutanen da da mudun da ba a ƙera ba sai bayan sun tashi daga kasuwa.

A ɓangaren mata akwai labarin da ya fi duk waɗannan ciwo. Monica Seles ta tara kofi 8 tun ba ta cika shekara 20 ba, ta ƙwace matsayi na ɗaya daga hannun Steffi Graf ta Jamus. Ranar 30 ga Afrilun 1993, a birnin Hambug, tana zaune tana hutawa a tsakiyar wasa, wani mai tsananin son Graf ya fito daga cikin ƴan kallo ya soka mata wuƙa a baya. Ta fi shekara biyu ba ta dawo ba, kuma bayan dawowarta kofi ɗaya ta ƙara, a Ostareliya a 1996. Ranar da abin ya faru Graf na da 11, bayansa ta ƙara 11. Graf ba ta da laifi ko kaɗan, kuma gwana ce ta gaske: a 1988 ta ci huɗun duka ta haɗa da zinaren Olimpik. Sai dai duk wanda ya rubuta 22 kusa da 9 bai ambaci wuƙar ba, ya ɓoye rabin labari.

Haka abin yake tsakanin Margaret Court mai 24 da Serena Williams mai 23. Kofi 11 na Court a gida Ostareliya ta ci su, da yawansu a shekarun da manyan ƴan wasan Turai da Amurka ba su cika zuwa ba. Serena da yayarta Venus a filayen gwamnati na unguwar Compton mahaifinsu ya koya masu wasan. Serena ta ci na 23 a 2017 tana da ƙaramin ciki, ta tafi haihuwa, ta sha wuya ƙwarai, ta dawo ta kai wasan ƙarshe sau huɗu ba ta dace ba. Ina iyaye mata masu karanta wannan? Ku kun fi ni sanin abin da shekarar haihuwa ke ci a jikin mace da aikinta. Kyautar kuɗi ma sai a 1973 gasar Amurka ta daidaita ta tsakanin maza da mata, bayan fafutukar Billie Jean King. Wimbledon ta jira har 2007.

To, kada a ce na guje ma tambayar. Su ukun da aka rubuta a ƙasa zamani ɗaya suka yi, ƙofa ɗaya suka shiga, sun kuma gwabza da juna sau da yawa, don haka a tsakaninsu lissafi na da ƙarfi. Djokovic na da kofi 24. Ya yi mako 428 a matsayi na ɗaya, fiye da kowa tun da aka soma jerin a 1973. Ya kada Federer sau 27, Federer ya kada shi sau 23. Ya kada Nadal sau 31, Nadal ya kada shi sau 29. A 2024 ya ci zinaren Olimpik a Pari yana da shekara 37, a kan Alcaraz ɗin nan da muka kalla. Ni mai son Federer ne tun ina sabon malami, kofunansa 8 na Wimbledon da sauƙin hannunsa ba su fita raina ba, kuma 14 ɗin Nadal a Roland Garros abu ne da ban sa ran ganin irinsa kafin in mutu. Amma gaskiya ɗaya ce: a cikin su ukun, saurayinmu ya fi ni hujja. Shi ma Djokovic ɗin bai taso cikin daɗi ba, yana ɗan shekara 11 aka soma ruwan bama-bamai a Belgrad a 1999, yana kwana a maɓoya yana fita horo da rana.

Inda na rabu da yaron shi ne da ya ce babu sauran magana. Lamba 24 ta gaya mana abin da Djokovic ya yi da damar da ya samu. Ba ta da abin cewa kan gasa 21 da aka hana Laver, ko shekarun da Gibson ta yi a bakin ƙofa, ko abin da Seles za ta zama da ba a soke ta ba. Ba ina cewa a ƙara masu kofunan da ba su ci ba. Wataƙila da an bar Laver ya ji rauni, wataƙila Graf ta gano lagon Seles. Abin da nake cewa shi ne, kalmar "gwanin duk tarihi" ta fi ƙarfin lamba ɗaya, domin ba tsere ɗaya aka yi ba.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni har na rubuta shi a nan ba tanis ba ne kaɗai. Wata shekara, a wani ƙauye da na koyar, ina da wata yarinya a ajin CM1 da ta zo ta 31 cikin yara 70 da wani abu. Mahaifinta ya zo karɓar sakamako da ita da ƙanenta, wanda ya zo na 6 a ajinsu. Ya duba takardun biyu ya ce: "Malam, ai ka ga wanda karatu ya karɓa." Ni na san abin da bai shiga takardar ba. Ranar kasuwa ba ta zuwa sai ta gama talla. Da kaka ta yi mako uku a gona. Jarrabawa ɗaya ma ba ta zauna ta ba, na sa mata sifili kamar yadda doka ta ce, sifilin ya ja matsakaicin makinta ƙasa. A duk ajin ita kaɗai ke warware lissafin rabawa a ka kafin in gama rubuta shi a allo. Na yi ma mahaifin bayani, amma baki na faɗa, takarda kuwa da hatimi da sa hannuna take. Da aka koma hutu ba ta dawo ba. Lambar da na rubuta ba ƙarya ba ce, kuma da ita aka yanke hukunci.

Tun daga lokacin, kusa da matsayin kowane yaro nakan rubuta yawan kwanakin da bai zo ba, da jan biro, yadda uba ba zai ga ɗaya ya tsallake ɗayan ba. Ina roƙon ƴan uwana malamai su gwada. Iyaye kuma, in yaro ya kawo takarda, kafin a yaba ko a yi faɗa, a tambaya kwana nawa aka bar shi ya zauna a aji, da ƙarfe nawa yake isa lakwal, da ko akwai fitilar da zai yi bita da dare. Jeri na da amfani, ni ma ba zan daina yin sa ba, sai dai a riƙa karanta shi tare da tarihin wanda aka jera.

Bayan mako biyu na sake haɗuwa da saurayin a fada. Na ba shi labarin Laver da Emerson, na tambaye shi wa ya fi tsakanin mai 12 da mai 11. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Mushe, to ai wannan an yi masa kwange." Na ce haka ne, kuma ba shi kaɗai ba. Bai sauka daga kan Djokovic ba, ni ma ban nemi ya sauka ba. Ya dai karɓi wayata ya nemi hoton Althea Gibson, ya daɗe yana kallon ta tana karɓar kyauta daga hannun Sarauniya, ya tambaye ni me ya sa bai taɓa jin sunanta ba.

Alcaraz da Sinner yara ne, da sauran tafiya a gabansu, kuma tuni aka fara ƙirga masu kofuna ana gwada su da na magabata. Su sun tarar da ƙofa a buɗe, da kuɗi, da likitoci, da jirgin da ke kai mutum Melbun cikin kwana ɗaya. In Allah ya kai mu wata gasar za mu sake fito da tele, a ɗora shayi, a sake gardama. Na riga na gaya ma mai gidan cewa wannan karon a kira ƴan matan gidan su ma su zo su kalla.